Ɗakuna Tara a Hayin Dogo

Shekara talatin da biyu ina wanke kwalabe
a ɗakin gwaje-gwaje na asibitin Shika.
Ranar da kuɗin sallama suka faɗo
Barau dillali ya riga 'ya'yana zuwa barka.
Ya ce, “Malam Tanimu, kuɗi tsuntsu ne, ƙasa ce ba ta tashi.
Zuba bulo a Hayin Dogo,
ka miƙe ƙafa ka ci haya.”

Na zuba. Ɗakuna tara, banɗaki biyu,
da ƙofar ƙarfe mai kuka kamar akuya.
Siminti ya tashi sau uku kafin a kai linta,
birkila ya ɓace sati shida da kuɗin kwano.
Na sayar da babur na ƙarasa rufi,
na koma takawa a ƙasa ba kunya.

Shekarar farko ɗalibai suka cika gida,
har mai tsiren Samaru ya fara ce mini Alhaji.
Sai jami'a ta tafi yajin aiki.
Wata takwas kwaɗo na rataye a ƙofofi,
kayansu a ciki, su suna garuruwansu,
gara na cin silin, bashi na cina,
ba mai ɗaga mini waya.

Ɗaki na uku, Iliya mai gyaran janareta.
“Baba, ƙarshen wata.”
Wane watan? Na ƙirga goma sha ɗaya.
In na zo da fushi sai ya shimfiɗa tabarma,
ya kawo ruwan randa, ya tambayi ciwon gwiwata.
Da wane baki zan kori mutumin
da ya fi ɗan cikina tambayar lafiya?

Ɗaki na shida mutum ɗaya na ba.
Na biyo da asuba na ga takalma ƙafa goma sha huɗu.
Masai ta cika tun kafin damina,
mai kwasa ya faɗi kuɗinsa,
sai da na nemi wurin zama a bakin rijiya.

Mita ɗaya ce a gidan.
Kowa ya rantse ƙwan fitila kawai yake kunnawa,
amma ƙamshin wake na fitowa ta kowace taga.
Masu wuta suka zo da tsani,
sunana ne a takarda, ni ne da biya.

Wani ya tashi cikin dare.
Ya kwance fanka, ya zare sakata,
ya bar mini kalanda ta shekarar bara
da zanen lissafi a bango har sama.
Na je Sabon Gari wajen lauya,
ya buga, ya tara, ya miƙo mini takarda:
kuɗin neman haƙƙina ya fi haƙƙin yawa.
Na ninke ta, na kama hanya.

Iskar farkon damina ta ɗauki kwano huɗu
ta ajiye su a gonar maƙwabci.
Shi ma yana jirana, na karya masa masara.

Balaraba ta ce, “Sayar, mu huta.
Gidan nan ya ci fanshonka ya sha miya.”
Na ce to. Na je in auna da mai saye.
A bakin rariya na tarar da gwanda ta yi 'ya'ya,
ban san wanda ya shuka ba.
Ƙarƙashinta 'yar Iliya, wadda aka haifa a ɗaki na uku,
ta kama gefen rigata ta ce, “Kaka.”
Na ce wa mai saye ya dawo jibi.
Jibin nan yau wata biyar ke nan,
shi ma na koya masa ƙarshen wata.

Jiya Barau ya zo har zaure,
ya ce akwai wani fili a Bomo, bakin titi,
ɗalibai sun fara gangarawa can.
Na kalle shi tsawon lokaci.
Na ji bakina ya ce, “Nawa?”
Daga cikin gida Balaraba ta saki tukunya,
ban sani ba ko kuka take ko dariya.